Fuskar da Banish Ya Rufe a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi da daɗi ba a majalisarmu. Wannan ya ce, "Malam Habu, yaya Faransa?" Wancan ya ce, "Da gaske wankin hoto ka je yi, ko dai neman aure?" Na ba da labarin har bakina ya yi tsami, kuma kullum sai wani ya zo a makare ya ce a koma farko. To ga shi na rubuta. Wanda ya samu ya karanta wa ɗan'uwansa, ni kuma a bar ni in huta.

Ni dai sana'ata zane: allunan shaguna, jikin manyan motoci, da hotunan mutane da fentin mai in an samu mai so. A wajen maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, na tsinci wani ɗan sani da ba kasafai ake nema ba, wato wanke tsohon zane da ya dushe ba tare da an kwashe fentinsa ba. Shi ya kai ni ƙetare, ni da ban taɓa wuce Daura ba.

Abokina na ƙuruciya, Alhaji Ɗanjuma, mai sayar da atamfa a kasuwar Damagaram, shi ya kira ni a waya. Ya ce akwai wata baiwar Allah, Madam Fanna, ungozomar asibiti da ta ajiye aiki, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa. Mahaifiyarta ta rasu tun ba a yaye ta ba, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba sai wani zane a jikin ƙyalle. Zanen ya yi baƙi ƙirin. Matar ta haura sittin, ba ta san kamannin uwarta ba.

Na ce, "To a ɗauro shi a mota mana."

Ya ce, "Zanen nan bai taɓa kwana a waje ba, kuma ba a kanka zai fara ba. Kai za ka zo."

Na haɗa kayana: auduga, tsinkaye, da babbar kwalbar maganin wanki da na sirka da hannuna, sifirit da man tafentin irin na sirka fenti, daidai ƙarfin da na saba da shi. Na naɗe kwalbar a cikin babbar rigata ta fita kunya, don kada ta fashe. Wannan dabarar tawa ce, ba wanda ya ba ni shawara.

Mun wuce Kazaure kaɗan sai wata tsohuwa a bayana ta ɗaga murya, "Direba, motarka tana zubar da mai!" Kafin ka ce kwabo an taka burki, kowa ya yi waje, har da wani mai ƙiba da tun daga tasha yake cewa ƙafarsa ba ta takuwa. Direba ya leƙa ƙasa, ya buɗe gaba, bai ga komai ba. Aka bi wari da hanci har jakata. Murfin kwalbar ne ya saki. Riga ta sha, magani ya kusa ƙarewa, ɗan abin da ya rage kuma direba ya rantse ba zai ƙara taku ɗaya da shi ba. Na tsiyaye shi a gefen hanya ina ji kamar jinina nake zubarwa.

A nan na san maƙwabcin kujerata, Malam Isuhu, manomi daga Gaffati, wanda ya je Kano duba ɗansa. Ya shinshina rigar ya ce, "Bakano kenan. Ko turare zai saya sai ya nemi mai araha." Kun san wasan da ke tsakaninmu da Damagarawa. Na ce ai bawa ba ya zaɓar wa ubangidansa turare. Daga nan muka ƙulle, bai bar ni na yi baƙin ciki ba har iyaka.

A iyaka kowa ya sauka da ƙafarsa. Wani jandarma dogo ya miƙo hannu ya ce, "Kardantite." Na tsaya ina kallonsa sai da Malam Isuhu ya zungure ni ya ce katin shaida yake nufi. Ya buɗe jakata, ya ga auduga da tsinkaye tuli, ga warin sifirit.

"Kai likita ne?"

"Likitan hoto ne, ranka ya daɗe."

Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Bon, wuce, Allah ya ba marar lafiya sauƙi." Ni da na zo da faɗuwar gaba, ban sha wata wahala ba in ban da tsayuwar rana.

Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙetaren shi ne rashin abin mamaki. Gero irin namu, jakuna irin namu, Hausa irin tamu, sai dai nan da can a jefa maka kalmar Faransanci kamar tsakuwa a shinkafa. Muka bi ta Matamaye, muka hau babban titi a Takeita. A Tirmini mota ta tsaya, Malam Isuhu ya sayo wani abu fari, falle-falle, ya miƙo mini. Cuku ne, busasshen nono. Na ɗauka kamar wainar fulawa ce na gartsa masa haƙori da ƙarfina, sai da na ji har ƙwaƙwalwata. Ashe da shayi ake jiƙa shi, ko a daka a fura. Shi kuwa ya bar ni na gartsa ɗin da gangan, ya ce ramuwar maganar bawa ce.

Muka shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Gari ne da duwatsu suka zauna a tsakiyarsa kamar su suka riga kowa zuwa. Ɗan acaba, wanda su suke kira kabu-kabu, ya kai ni gidan Alhaji Ɗanjuma a Zango. Aka ba ni ɗaki mai tsabta, aka kawo mini bokiti cike da ruwa. Na shiga na yi wanka irin na Kano, na juye shi tas, har na wanke rigar nan mai wari. Da na fito Alhaji ya dubi bokitin ya dube ni.

"Habu, ruwan wankanka da alwalarka na yau da gobe ka gama da shi."

A garin nan ruwa ba abin wasa ba ne. Mai garuwa ya fi mai kuɗi farin jini, kuma yaro ƙarami ya san yadda zai yi wanka da buta ya rage. Kafin in baro garin ni ma na iya, kuma har yanzu in na ga famfo yana zuba a banza sai raina ya ɓaci.

Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi. Na raina shi da ido, na cinye guda ni kaɗai. Sai da rana ta take na fita neman abin da zai maye maganina, na tarar da farmasi a rufe, shago a rufe, gari tsit. Su da azahar kowa gida yake komawa ya miƙe ƙafa, sai rana ta yi sanyi a dawo. Na ce a Kano wanda ya rufe shago da rana ai sai a zo yi masa jaje. Da yamma na samu sifirit ɗinsu, wanda suke kira alkol. Tun daga warinsa na san ya fi namu kaifi, amma shi ne a ƙasa.

Gidan su Madam Fanna a Birni yake, cikin lunguna da in ba a riƙe hannunka ba sai ka kwana kana zagaye. Mace ce doguwa, mai magana ɗaya-ɗaya, irin waɗanda suka saba a yi abin da suka ce. Tare da ita akwai ƙanenta Lawali, wanda suke uba ɗaya, kafinta, shi ya gaji shagon mahaifinsu. Ba a bar ni na ga zanen ba sai da na ci burabusko da miyar kuɓewa busasshiya. Ban taɓa cin gero ya yi mini daɗi haka ba, na kuwa ajiye kunya na nemi ƙari.

Sannan aka shigar da ni ɗakin marigayi babansu. Zanen yana rataye can sama, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Lawali ya sauko da shi da hannu bibbiyu. Wallahi da ba a gaya mini ba sai in ce murfin tsohon akwati ne. Ƙyalli kamar madubi, launi kamar ƙasan tukunyar shayi. In ka karkata shi sai ka hango inuwar wata tsohuwa, fuska duk tamoji, kumatu sun zubo, kamar tana fushi.

Madam Fanna ta ba ni labarinsa. Wani mushe, wato malamin makaranta, baƙo daga ƙasashen gaɓar teku, ya taɓa zama kusa da shagon babansu. Baban yana yi masa katakon ɗaure ƙyalle, shi kuma ya zana masa matarsa. Ba a daɗe ba ta rasu. To al'adar gidan ce duk shekara, in Babbar Sallah ta matso, baban ya bi ƙofofi da gadaje da kabad ya shafe su da banish, man ƙyallin nan na katako, su suna ce masa berni. In ya gama sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya shafa wa zanen shi ma. A saninsa na kafinta, abin da kake so ya daɗe shi kake shafa wa. Haka ya yi ta yi, shafi kan shafi, har shekarar da ya rasu.

Ta ce, "Muna yara ba ma shiga ɗakin nan. Ranar da na fara ɗaukarsa a hannuna, haka na gan shi. Wannan tsohuwar ita na sani. Tun daga ranar, in an ɓata mini rai, da ita nake faɗa a zuciyata, in ce kin tafi kin bar ni, kuma kina harara ta. Malam, ina so in ga fuskarta kafin in je in same ta."

Lawali ya gyara zama. "Yaya, ni dai na faɗa miki. Wannan bernin hannun Baba ne. Duk shafi ɗaya Sallah ɗaya ce. Yanzu a sa baƙo ya kwashe?"

"Kai ka ga uwarka, Lawali. Har yau tana ɗaki tana yi maka faɗa."

Maganar ta fi ƙarfin baƙo. Sai na kauce mata, na tambayi Lawali irin banish ɗin da baban yake amfani da shi. Nan ya saki jiki. Ya ce ba na gwangwani ba ne, wani ɓarɓashi ne kamar ƙaro da yake jiƙawa a alkol da kansa. Na yi hamdala, domin abin da alkol ya narkar jiya zai narkar da shi yau. Da irin na gwangwanin zamani ne, da sai dai in ci burabusko in koma gida.

Washegari da hantsi na shimfiɗa zanen a bakin ƙofa, inda haske yake shigowa ba rana. Ƙa'idar aikin ita ce a fara gwaji a kusurwar da ba ta da muhimmanci. Na naɗa auduga a tsinke, na tsoma a alkol, na mirgina a ƙasa ta hagu. Mirginawa ake yi, ba gogawa ba. Auduga ta fito ja-ja-ja, na jefar. Ta biyu ma haka. Na ji daɗi, hannuna ya saki, na ƙara. Sai ta fito da shuɗi.

Shuɗin nan fentin zanen da matar ta ɗaura ne. Alkol ɗinsu ya ratsa banish ɗin gaba ɗaya ya ci abin da ke ƙasa, wuri kamar faɗin farce ya koɗe har ana ganin saƙar ƙyallen. Na yi maza na danna busasshiyar auduga, amma abin da ya tafi ya tafi.

Lawali ya miƙe tsaye. "Wala! Ga abin da nake gudu. Yaya, a tsaya haka nan. Gara tsohuwa mai harara da farin ƙyalle."

Gaskiyarsa ce, kuma ban ɓoye musu ba. Na ce maganin da na saba da shi ya zube a hanya, wannan ya fi ƙarfi, sai na sirka shi na rage masa kaifi. Na ce ko da hakan ba zan yi rantsuwa ba, domin fentin fuska ya fi na tufafi sirantaka, in ya tafi kuwa ba mai dawo da shi, tunda ba wanda ya san yadda take balle ya sake zanawa.

Madam Fanna ta daɗe tana kallon wurin da ya koɗe. Sannan ta ce, "Malam, ni ma na yi aikin da in hannu ya yi gaggawa ake asarar rai. Na ga hannunka ya yi gaggawa, na kuma ga ka tsorata. Wanda ya tsorata shi nake ba aiki. Zanen jikinta ka ci, tana da sauransa. Fuska kuwa ɗaya ce. Ka ci gaba."

Ta juya ga ƙanenta. "Kai kuma za a bar maka gefe-gefen duka, yadda Baba ya bar shi. Tsakiyar tawa ce."

Lawali bai ce ya yarda ba, amma shi ya tafi shago ya kawo mini man tafentin. Na yi ta sirkawa ina gwadawa a gefen wurin da ya riga ya lalace, har na samu haɗin da yake ɗaukar shafi ɗaya ya bar na ƙasansa. Daga nan aiki ya zama na haƙuri. A mirgina, a duba auduga, a jefar. A bi wurin da tafentin zalla don maganin ya daina ci. A bar shi ya sha iska, a koma wani wurin. In ido ya gaji a tashi, don gajiyayyen ido ba ya bambanta ja na banish da ja na fenti.

Kwanakin nan sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Da hantsi aiki, da azahar ni ma na koyi miƙe ƙafa, da yamma Lawali ya hura gawayi ya dafa shayin nan nasu na ƙananan kofuna, na fari ɗaci kamar magani, na ƙarshe zaƙi kamar alewa. Yana ba ni labarin layyarsu, yadda ake buɗe rago gaba ɗaya a kafe shi a itace a bakin wuta a ƙofar gida, ba a taɓa shi sai washegari. Na ce mu a Kano kafin rago ya gama shure-shure an ɗora mai a wuta. Ya ce ai shi ya sa ba ma ƙiba. Wata rana ina aiki kusa da gefen da aka bar masa, na ga shatin babban yatsa a cikin banish ɗin, inda baban ya riƙe zanen bai bushe ba. Na nuna masa. Ya ɗora nasa yatsan a kai, ya daɗe bai ɗauke ba. Tun daga ranar bai ƙara ce mini baƙo ba.

Madam Fanna kuwa ta ce ba za ta kalli rabin fuska ba. Sai ta kafa kujera a tsakar gida, ta ba ƙofa baya, tana ɓarar gyaɗa tana jefo tambaya.

"Malam, ina ka kai?"

"Na kai kunne, Hajiya."

"Da ɗan kunne?"

"Akwai, na azurfa."

Sai in ji ɓarar gyaɗar ta tsaya, can kuma ta ci gaba.

Da na hau kumatu na rage numfashi. A nan na lura da abin da ya sa na ajiye tsinke na zauna. Tamojin nan ba a fuskar yake ba. Banish ne da ya yi kauri ya tattare, ya zubo, ya bushe a haka. Ina mirgina auduga yana tafiya tare da ita. Hararar ma ɗigon banish ce da ta daskare a kan gira. Ban gaya wa kowa ba, na dai ci gaba, kuma Allah ya taimake ni auduga ba ta ƙara fitowa da wani launi ba.

Masu tambayar dawowa, ba ta da labari. Na sayo kilishi da takalman fata, kilishin kun cinye a nan majalisar ko godiya babu, mota ba ta tsaya ba, jandarman nan ya tambaye ni jikin marar lafiya na ce ya samu sauƙi. Abin da ya rage in gaya muku shi ne ranar da na gama.

Na jingina zanen a bango, na fito na ce, "Hajiya, bismilla." Ta wanke hannu, ta gyara mayafi kamar mai shiga gaban surukai, ta shigo. Lawali yana bayanta.

A tsakiyar baƙin gefen nan ga wata yarinya zaune, da ƙyar in ta kai ashirin. Wankan tarwaɗa, kumatu cike, wushirya a bakinta, tana danne dariya irin ta wadda aka ce ta zauna kada ta motsa. Hannunta ɗaya yana kan cikinta, cikin kuwa ya fito.

Madam Fanna ta tsaya kamar an dasa ta. Na zaci za ta yi kuka mai ƙarfi, ban ji komai ba. Sai ta durƙusa a hankali har fuskarta ta zo daidai da ta zanen.

"Lawali," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "autata ta girme ta."

Ni dai idona ya cika, na juya ina tattara audugar da na riga na tattara.

Ta ce, "Irin waɗannan nake karɓa a asibiti. Su zo suna tsoro, in riƙe musu hannu in ce ba komai. Shekara da shekaru ina faɗa da tsohuwa, ashe yarinya ce aka ɗauke."

Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa kumatun, ta tuna na hana, sai ta tsayar da shi a iska, kusa da cikin.

"Sannu, yarinya," ta ce. "Sannu. Ga ni nan, na girma."